Takardar Koken da Na Miƙa wa Baturen Makaranta

Ni mutumin Wurno ne, can aka haife ni, ba nisa da hubbare. Da na gama midil aka tura ni koyon aikin malanta, ba don ni na zaɓa ba. Waɗanda iyayensu ke da mai faɗa a birni an rarraba su ofis ofis, wasu baitulmali, wasu wurin alƙali, mu kuwa 'ya'yan manoman albasa aka ce alli ne ya dace da mu. Da na fito aka ba ni takarda zuwa wata makarantar elementare a wani ƙauye na ƙasar Goronyo, gaba da Giyawa. Lokacin Turawa na nan daram, ba a jin zancen tafiyarsu sai a jarida.

Makarantar ɗaki biyu ce ta ƙasa, da jinkar ciyawa, malamai kuma mu biyu ne, ni da babban malami. Shi dattijo ne, siriri, mai furfura a gemu, ya fara koyarwa tun ina goye. Baba nake ce masa. Ranar da na iso shi ya raka ni wurin mai gari, ya ce in tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, in durƙusa inda ya durƙusa. Mai gari ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi mutanensa ko akwai inda za a ajiye ni. Haka ya faɗa, ajiyewa. Aka kai ni wani ɗaki a bayan gidansa inda ake ɗaure jakai da damina. Matata ta yi kwana uku tana kankare ƙasa tana yayyafa toka, amma har muka bar ƙauyen, in hadari ya taso, ɗakin warin jaki yake yi.

Mutanen ƙauyen ba su son mu, kuma ban ga laifinsu sosai ba. In aka aiko daga birni a kawo yara makaranta, mai gari ba ya ba da nasa ko na 'yan'uwansa. Sai ya duba wanda ya taɓa yi masa gardama kan gona, ko Bafillacen da ya ƙi kawo masa gaisuwa, ya ce ɗansa za a ɗauka. Saboda haka duk yaron da ke zaune gabana horo ne aka yi wa ubansa, ni kuma ni ne bulalar. A masallaci in na shiga sahu sai na ga an ɗan matsa. Ba mai ce mini malam kai tsaye, sai an ƙara boko a baya, don kada a haɗa ni da malaman ƙwarai masu zaure. Da suna ko ɗaurin aure, ɗan doka ma a kan shimfiɗa masa tabarma a ciki, mu kuwa a bakin ƙofa ake miƙo mana goro.

Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne ranar biya.

Albashi ba ya zuwa ƙauye. Malamin biya kan zo daga birni sau ɗaya a wata ya sauka Goronyo da akwatinsa, duk ma'aikacin ƙasar ya je can ya sa hannu da kansa. Ba a aike, ba a karɓar wa wani. Daga ƙauyenmu in ka fita bayan asuba da ƙafa, sai hantsi ya yi zafi ka isa, da damina kuwa akwai fadamar da sai ka tuɓe ka ɗora kayanka a ka. In ka isa ka tarar da layi. Ana fara kiran malaman hakimi, sa'an nan na alƙali, sai malamin daji, malamin shanu, duba-gari, 'yan doka, dogarai, masinjoji. Malaman makaranta su ne na ƙarshe. Sau da yawa muna tsaye a rana har la'asar, in malamin biya ya gaji ya rufe akwati ya ce sai gobe, mu nemi zauren da za mu raɓa. Abin da za a ba ka bayan wannan wahala bai kai na ɗan ajinmu da ya faɗi jarrabawa aka kai shi ofis yana lasar kan sarki ba.

Ranar biya dole a rufe makaranta, tunda mu biyu ne kuma dukkanmu ake nema. Kowa ya san haka. Amma ba a rubuce take ba.

A daminata ta biyu kurkunu ya kama Baba a ƙafar hagu. Ruwan tafki muke sha, mu da shanu, kowace shekara sai ya kwantar da rabin ƙauyen daidai lokacin noma. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, tsutsar ta fito ƙasa da idon sawu, kowace safiya matarsa tana naɗe ta kaɗan kaɗan a tsinke. Ba ya iya takawa. Da rarrafe yake fitowa bakin ƙofa, yara biyu su kama shi zuwa aji, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango yana koyarwa, ni ina rubuta masa a allo.

Wata na farko na je Goronyo ni kaɗai na roƙi malamin biya ya ba ni nasa, na nuna masa takardar da ya rubuto. Ko karanta ta bai yi ba. Ya ce in mai shi yana son kuɗinsa ya zo. Na komo na faɗa wa Baba, ya ce ba kome, wata mai zuwa. Gidansa kuwa mutum tara ne, geron bara ya ƙare, sabo bai nuna ba. Na ga 'ya'yansa suna tsinkar tafasa a bayan makaranta, ita ce abincin rana.

Wata na biyu ya ce ko a makara sai ya je. Na ari jaki wurin wani Bafillace, uban ɗaya daga cikin yarana, wanda shi kaɗai ne a wannan ƙasa yake gaishe mu da fara'a. Muka ɗora Baba, na naɗe ƙafar da tsumma na rataye ta a gefen mangala don kada ta yi lilo. A fadama ruwa ya kai ƙirji. Na goya shi na haye, na komo na ja jakin. Tsumman ya jiƙe da ruwan laka, Baba na cije leɓe. Muka isa, muka jira, aka kira mu gab da la'asar. Ya ja jiki a ƙasa har gaban tebur ya sa hannu, masinjoji na kallo suna dariya ƙasa ƙasa. Dole muka kwana, muka koma washegari.

Da muka iso ƙauye sai muka tarar da keke jingine a bangon makaranta. Malamin duba makarantu ne ya zo.

Wannan mutum na san shi tun midil, aji biyu yake gabana. Ba ya cikin masu ƙoƙari, amma yana da kawu a birni, shekara ɗaya kawai ya yi a aji aka ba shi keke da hular kwano aka ce ya riƙa zagaya makarantun Wurno da Rabah da Goronyo yana rubuta rahoto. Ya zo jiya ya tarar makaranta a rufe, ya kwana gidan mai gari, an yanka masa kaza. Ya san sarai jiya ranar biya ce, don shi ma ta Goronyo ya biyo, har ya gan mu a layi daga inda yake zaune cikin inuwa tare da malaman hakimi.

Ya sa aka buga ƙarfe yara suka taru. Bai bari mun sauke Baba a gida ba, a aji muka zaunar da shi a ƙasa. Gaban yara ya tambaye shi wa ya ba shi iznin rufe makarantar gwamnati kwana biyu. Baba ya ce, ranka ya daɗe, biya muka je. Ya kira shi ranka ya daɗe, alhali ɗan da Baba ya haifa ya girme shi. Mai duban ya ce a nuna masa takardar izni. Babu. Sai ya ce malami ba ya koyarwa a zaune, ya tashi ya je allo ya yi darasin lissafi ya gani. Baba ya dafa bango ya miƙe a ƙafa ɗaya. Ya ɗauki alli, ya rubuta layi ɗaya, gumi na zuba, ya yi kuskure a wurin da ko ɗan aji biyu ba zai yi ba. Mai duban ya juya ga yara ya tambaye su ko daidai ne. Yara suka sunkuyar da kai. Ya sake tambaya da tsawa, wani ya ce ba daidai ba ne. Mai duban ya ce, to kun ga wanda ke koya muku.

Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da igiyar jaki. Na ce masa, “Kai ma ka gan mu jiya a Goronyo. Mi kaka so mu yi, mu bar kuɗin ko mu bar makarantar?”

Ya ce ba da ni yake ba, amma tunda na sa baki zai rubuta sunana ni ma. Ya kuwa rubuta. Wata na gaba aka yanke mana albashin kwana biyu, aka haɗa wa Baba da takardar gargaɗi cewa aikinsa ya yi rauni.

Na yi kwanaki ba na iya cin abinci sosai. Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi wannan mutum ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da aka yi hutun kaka na zauna na rubuta takardar koke zuwa ga Baturen makaranta, wanda ke kula da duk makarantun lardi. Ban zagi kowa ba. Na ce a riƙa kawo wa malamai albashinsu a makarantunsu, in ba zai yiwu ba a rubuta cewa ranar biya ba ranar aiki ba ce. Na ce in malami ba shi da lafiya a yarda abokin aikinsa ya karɓar masa. Na ce a gina wa malamai ɗakin kwana tare da makaranta, kada a bar su ga abin da mai gari ya ga dama. Na ƙara da cewa a duba albashinmu a gwada da na 'yan ajinmu da ke ofis. Na kuma ba da labarin abin da aka yi wa Baba, yadda ya faru, ba ƙari.

Na karanta wa Baba. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa, wadda ta fara warkewa amma ta bar shi da ɗingishi. Ya ce gaskiya ce duk, ya karɓi alƙalami ya sa hannu. Na ji daɗi ƙwarai a ranar.

Na ari keke wurin wani ɗan kawuna a Wurno na shiga zagaya. Na je wurin malaman da na sani a ƙasar Wurno, na gangara Rabah, na kai har wajen Rara. Ko'ina aka karɓe ni da fura da labarin wahala. Wannan ɗakinsa ya rushe a kan littattafai, wancan an canza masa wuri sau uku a shekara biyu, matarsa ta gaji ta koma gidansu. Wani ya nuna mini gonar hakimin ƙauyensu da ake fitar da yaran makaranta su nome ta, shi kuma a sa shi tsaron su kamar ɗan gandu. Kowa ya ce takardar ta yi kyau, Allah ya saka mini. In na miƙa alƙalami sai a fara dubawa gefe. Wani ya ce bari ya yi shawara da yayansa. Wani ya ce in fara samo na sauran, shi zai sa na ƙarshe. Kwana tara ina bisa keke, na komo da hannu huɗu, har da nawa da na Baba. Na ji haushin malamai a wannan tafiya kusan kamar yadda nake jin haushin masu taka su.

Bayan hutu Baturen makaranta ya fito rangadi, ya sauka barikin Goronyo, aka ce malaman ƙasar su zo gaisuwa. Muka jeru a tsakar bariki, yana zaune a kujerar zane ƙarƙashin rumfa, mai duba makarantu na tsaye bayansa. Bature ne dogo mai jan wuya, yana jin Hausa sosai, har yana son a yaba masa. Ya yi mana jawabi cewa mu ne fitilar ƙasa, aikinmu ya fi na kowa daraja. Da ya gama ya tambaya ko akwai mai magana. Al'ada ita ce a ce babu. Na fito daga layi na durƙusa na miƙa takarda.

Ya karanta har ƙarshe, fuskarsa ba ta canza ba. Sa'an nan ya ɗaga ta bisa kafaɗarsa, ba tare da ya waiwaya ba, ya miƙa wa mai duban. Mutumin da na kai ƙara shi aka ba takardar ƙarar a gabana. Bature ya ce koke yana da hanya, daga malami zuwa babban malami, daga shi zuwa mai duba makarantu, daga nan zuwa birni, kuma wanda ya tsallake hanya ya raina manyansa. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne yawo da na yi ƙauye ƙauye ina tara hannu, don wannan ba aikin malami ba ne, aikin 'yan siyasa ne. Ya tambaya wane ne babban malamina.

Baba ya ɗingiso ya durƙusa kusa da ni. Bature ya tambaye shi ko da saninsa aka rubuta wannan, kuma ko gaskiya ne an wulakanta shi.

Baba ya ce, “Ranka shi daɗe, ba wanda ya wulakanta ni. Yaron ga ya kawo mini takarda ya ce ta neman alli da littattafai ce, ni ko idona ba shi gani sosai, na sa hannu.”

Na juya na dube shi. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Sauran biyun da suka sa hannu ba a ma tambaye su ba, ɗayansu yana cikin layin, ya sunkuyar da kai har aka watse.

Hanyar komawa tare muka yi ta, don hanya ɗaya ce. Ina gaba yana baya, ba na rage sauri don ɗingishinsa. Sai da muka kai fadama, ta bushe lokacin, masu albasa na ta gyaran fangali, ya kira ni. Ya ce saura masa shekara biyu ya aje aiki a ba shi ɗan abin sallama, in aka kore shi yanzu mutum tara za su kwana da yunwa, ni kuwa yaro ne, ko an kore ni ina da ƙarfin noma. Na ce masa da ya faɗi haka ranar da na miƙa masa alƙalami, da ban ga laifinsa ba. Na ce ni na goya shi a wannan wurin da muke tsaye, yau ya mai da ni maƙaryaci gaban Bature. Ya ce ya sani. Na wuce na bar shi. Daga ranar ban sake ce masa Baba ba, sai malam, kuma ba ma magana sai ta aiki.

Ba a kore ni ba. An kira ni birni, na yi kwana uku ina zama a barandar ofis kafin a shigar da ni, aka karanta mini takardar gargaɗi, aka dakatar da ƙarin albashina na shekara biyu, aka ce sunana ba ya cikin masu tafiya ƙarin karatu. Sa'an nan aka canza ni zuwa wata makaranta mai ɗaki ɗaya a can ƙuryar ƙasar Rabah, inda ni kaɗai ne malami, rijiya kuma sai an yi tafiya. Matata tana da ciki wata bakwai muka ɗora kaya bisa jakai biyu. Ba wanda ya raka mu. Baba ya fito bakin ƙofarsa ya tsaya, na ga yana son ya yi magana, na kau da kai. Matata ce ta je ta durƙusa ta yi masa sallama, ta komo tana share ido, ta ce mini zuciyata ta cika tauri. Na ce ta hau jaki.

Ina can shekara ta biyu sai ga takardar zagaye daga birni. An ce daga yanzu ranar biya ranar hutu ce ga makarantun ƙauye, kuma malamin da ba shi da lafiya yana iya ba abokin aikinsa takarda ya karɓar masa. A ƙasan takardar an yaba wa malamin duba makarantu, wanda aka ce shi ya lura da wannan wahala a zagayensa ya kawo shawara. Kalmomin nawa ne, har yadda na jera su. Zancen ɗakin kwana da na albashi kuwa ba a taɓa shi ba. Ba da daɗewa ba aka ƙara masa girma ya koma ofis, ya bar hawan keke.

Baba ya kai shekara biyun nan, ya aje aiki, aka ba shi abin da aka ba shi, ya koma garinsu wajen Wurno ya kama 'yar gona. Bai daɗe ba. Ƙafar ba ta taɓa komawa daidai ba, daga baya ciwon ya koma ciki. Labarin rasuwarsa ya same ni bayan an yi sadakar bakwai, wani mai jakai da ke kai gishiri ne ya faɗa mini a kasuwa, yana tsammanin na sani. Da hutu ya zo na je na yi wa iyalinsa gaisuwa. Matarsa ta gane ni, ta ce yana yawan ambatona, ba ta faɗi abin da yake cewa ba, ni ma ban tambaya ba. Na yi masa addu'a, kuma tsakanina da Allah na yafe masa, ko da yake sai da ya mutu na iya.

Shekara bakwai na yi a waccan makaranta mai ɗaki ɗaya, har Turawa suka fara haɗa kayansu. Da ƙungiyar malamai ta iso wajenmu ni ne na farko da ya ba da suna a ƙasar Rabah, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ƙi karɓar alƙalamina su ne suka fi kowa ɗaga murya a taro, tunda an yi yawa. Shi kuwa mai duban mun haɗu sau da dama bayan haka, a taro da wurin jana'iza. Kullum shi ke fara miƙo hannu yana kirana ɗan makarantarsu. Ina amsa sallamarsa don wajibi ce, amma ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba.